Likitan Inabi

Shekara bakwai rabona da Malumfashi, da na dawo sai na tarar garin bai tsaya jirana ba. Rimin bakin layinmu an sare shi, an kafa shagon cajin waya a gurbinsa. Filin da muke buga ƙwallo ya zama makarantar kuɗi mai dogon suna. Ɗan'azumi mai shayi ya je Makka ya dawo, yanzu sai dai a ce Alhaji, amma shayin nasa yana nan yadda na bar shi, tsararo kamar ruwan wanke kofi. A cikin abokaina huɗu sun yi aure, biyu sun yi tumbi, ɗaya ya haɗa duka biyun ya ƙara da siyasa. Ƙanena Mudassiru, wanda na bari ko gashin baki ba shi da shi, ya tara gemu, kuma makullan gida gaba ɗaya a aljihunsa suke kwana.

A cikin gidan ma an samu canji, amma wannan ni na yi shi. Shekara biyu da suka wuce, ina Abuja, na bugo waya na ce a shafe tsakar gidan nan da tayil daga bango zuwa bango, a gina wurin alwala na zamani da famfo da ɗan dakali a can kusa da ƙofa. Na ce ba na son mahaifina ya ƙara taka taɓo. An kuwa yi yadda na ce. Magini ya ba tayil ɗin gangara mai kyau, duk ruwan da ya zuba sai ya sulale ya bi ta rariya ya fita waje, ko ɗigo ba ya kwana. Ranar da na iso na ajiye jaka na tsaya ina kallon aikina, har sai da na ji ina ma a ce baƙo ne ni, in tambayi wane ɗan albarka ne ya yi wannan.

Sai da na ɗaga kai sannan na ga inabin.

Ku da kuka taɓa shiga gidanmu kun san shi. Marigayiya mahaifiyata ce ta zo da reshensa daga gidansu na Zariya a shekarar da aka kawo ta, ta dasa a tsakiyar gida. Ya girma ya hau rumfar katako ya rufe ta ruf, yadda ko da tsakar rana ta bazara za ka shimfiɗa tabarma a ƙasa ka yi barci. 'Ya'yansa ƙanana ne masu tsami, sai ka runtse ido kafin ka haɗiye, amma ba don 'ya'yan ake sonsa ba. Tunda ta rasu, Baba bai taɓa zama a wani wuri a gidan ba sai a ƙarƙashinsa. Bai taɓa faɗin dalili ba, ba a kuma taɓa tambayarsa ba.

To, wannan inabin na tarar ya zama kamar tsohuwar tsintsiya. Ganyen da ya rage bai kai a ƙirga da wahala ba, shi ma gefensa ya ƙone. Rana tana ratsowa ta ko'ina. Baba kuwa yana nan zaune a ƙarƙashi kan buzunsa, rana na dukan tsakar kansa, yana jan carbi kamar mai zaune a inuwa.

Mudassiru ya ja ni gefe ya ce, "Yaya Sagiru, abin nan ya mutu. Na yi magana da mai walda, za a sare shi a buga rumfar kwano. Tsohon nan rana za ta yi masa illa."

Na ce, "Baba ya yarda?"

Ya ce, "Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ka san shi."

Na ce, "Ka ba ni sati uku. Kun yi sa'a, aikina ne ya zo har gida."

A nan ya kamata in faɗa muku gaskiya, tunda ba a gida muke ba. Abin da aka sani a Malumfashi shi ne ni injiniyan lambu ne a Abuja. Abin da aka sani a Abuja kuwa shi ne ni ne mai jan tiyo a wani lambun fulawa na bakin titi, ina ba tukwane ruwa safe da yamma, in an sayi shuka in ɗora a bayan mota. Kafin nan na yi dako a Legas, na yi gadi a Fatakwal, na sayar da gilashin ido a Kalaba. Kafin Abuja ban taɓa cika shekara biyu a gari ɗaya ba. Amma dai na ji maigidana yana yi wa masu saye bayani, kuma ina da kan riƙe magana.

Kakata, Kaka Tasalla, mahaifiyar Baba, tana daga ƙofar ɗakinta tana jin mu. Ta ce, "Mijin nawa ne zai yi wa itace magani? Kai da aka ba ka akuya kiwo ka dawo da igiya?"

Na ce, "Tsohuwa, wancan zamanin jahiliyya ne. Yanzu da ilimi na dawo."

Ta ce, "To ina ka ajiye shi? Ni jaka ɗaya na ga an shigo da ita, ita ma ba nauyi."

Washegari na fara aiki. Na zagaya inabin sau uku, hannu a baya. Na tsinki ganye na ɗaga shi sama na duba, na murza, na shinshina. Magini ya kai tayil har jikin itacen, ya bar ɗan zagaye da bai fi faɗin tafin hannu ba, shi ma ya shafe bakinsa da siminti don kyau. Na yaba da tsabtar aikin a zuciyata, na wuce.

Na tara mutanen gida na ce, "Yunwa ce. Shekara talatin yana cin ƙasa ɗaya, ba a taɓa ba shi taki ba."

Baba ya ɗago ya dube ni. Ni ne ɗan fari, don haka tunda aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. Da ina ƙarami "kai" yake ce mini. Da na dawo a matsayin injiniya sai ya ƙara mini girma. Ya ce, "To, Malam."

Na sayo takin zamani, na cika ɗan zagayen nan da shi har ya yi tozo, na kwara bokitin ruwa. Ruwan ya ɗan taɓa takin, sauran ya kama hanyarsa ta kan tayil ya fice ta rariya, ina tsaye ina jin daɗin yadda gangarar ke aiki. Bayan kwana huɗu rabin ganyen da ya rage ya zube.

Kaka Tasalla ta fito da tsintsiya tana sharewa. Ta ce, "Ango, maganin ya fara aiki. Ga shi nan ina kwashewa."

Na ce, "Haka yake yi. Sai tsohon ganye ya sauka sabo ke fitowa."

Ta ce, "Haka aka ce mini da haƙorana suka fara zuba."

Ana cikin haka aka kira azahar. Baba ya tashi ya nufi famfo. Ya waiwayo ya ce, "Malam, lokaci ya yi." Na ce ya yi gaba, ni zan yi a masallacin bakin kasuwa, akwai wanda nake son gani a can. Na ɗauki hula na fita. Hanyar masallacin kasuwa kuwa, kun sani, ta gaban teburin Alhaji Ɗan'azumi take bi, kuma mutum ne mai son hira. Ba zan tsawaita a nan ba. Yawon duniya yana koya wa mutum abubuwa, yana kuma karɓe wasu ba tare da ya sanar da shi ba.

Sati na biyu na canza bincike. Na ce ƙwari ne, irin waɗanda ido ba ya gani. Na aro injin feshi na goyo daga wani manomin tumatir, na ɗaure hanci da ƙyalle, na hana kowa fitowa. Na yi wa inabin feshi tun daga sama har ƙasa, na yi wa rumfar, na yi wa bango. Ƙadangaru uku suka faɗo. Kajin Kaka suka yi kwana biyu suna tafiya kamar masu jin barci. Inabin bai ce komai ba.

Kaka ta ce ita tun farko ta san bakin mutane ne. Duk wanda ya shigo gidan sai ya ce kai wannan inuwa, ba mai cewa tubarkalla. Ta ɗaura wani tsohon takalmi a jikin rumfar. Na yi dariya na ce wannan camfi ne. Ta ce, "Nawa dai bai kashe ƙadangare ba."

A ranar ne na yi musu lacca. Da rana tsaka ce, zafin watan Afrilu, na fito ba takalmi don sauri. Na tsaya a gindin inabin na ce, "Ku saurara. Duk shuka mai hawa, doka ɗaya gare ta. Kanta yana son rana, saiwarta tana son sanyi da laima. In saiwa ta ji zafi, ko shekara ɗari shukar ta yi, za ta fara mutuwa daga sama. Ba a kuma matse mata gindi, sai an bar mata wurin shan iska."

Maganar maigidana ce kalma da kalma, kuma gaskiya ce. Ina faɗa ina ɗaga ƙafar dama in sauke, in ɗaga ta hagu, saboda tayil ɗin ya ɗauki zafin da za a iya gasa gurasa a kai. Baba ya dubi ƙafafuna, ya dubi gindin inabin, ya sake duban ƙafafuna. Na ɗauka mamakin ilimina yake yi.

Ya ce, "Sanyi da laima."

Na ce, "Ƙwarai, Baba."

Ya ce, "Allah ya ƙara sani, Malam. Sa takalmi."

Aka kira la'asar, na ce ina da alwala tun ta azahar, zan same su a can.

Sati na uku na yanke shawarar yi masa aski. Na ce matattun rassa ne ke shanye ƙarfinsa. Na hau tsani da almakashin lambu, kayan aiki ɗaya tak da na zo da shi daga Abuja, wanda har yanzu maigidana yana nema. Na fara da busassu. Da hannu ya saba sai na shiga waɗanda nake zargi. Kafin in sauko, rumfar ta zama fili, inabin ya koma wani murɗaɗɗen kututture da rassa uku, kamar hannun mai roƙon ruwa.

Da Baba ya dawo daga masallaci ya tsaya ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a daidai inda ya saba, a cikin rana fal, ya zauna. Wannan zaman ya fi mini zagi ciwo. Na shige ɗaki.

Mudassiru ya biyo ni ya ce, "Yaya, mai walda zai zo ran Asabar. Ka ma rage masa aiki."

Tun ranar ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Dama ni haka nake, in na kwana ashirin a wuri sai in ji bangon ɗaki yana matsowa. Ga shi kuma wani abokina ya bugo daga Jos ya ce ana neman mutum a wata gonar dankali. Na ce wa mutanen gida zan je in samo wani magani na musamman da ba a samu sai a can. Kaka ta ce, "In ka samo ka fara sha." Na sa tafiya ran Alhamis da safe, don kada Asabar ta same ni a gidan.

Ran Alhamis da hantsi ina ɗaki ina cusa kaya a jaka, na ma zauna na rubuta musu takarda: a ba shi ruwa bokiti biyu da safe, a sa taki duk wata, a yi feshi in an ga ƙwari. Na sa hannu a ƙasa. Ina cikin neman ɗayan takalmina sai na ji Baba daga tsakar gida yana cewa, "Malam, in ka samu sarari."

Na fito da jaka a kafaɗa. Yana tsugune a gindin inabin, ga guduma da kurfi a gabansa, ga tsohuwar butarsa ta ƙarfe wadda na ɗauka an jefar tun da aka sa famfo. Mudassiru da Kaka suna tsaye.

Ya ce, "Tayil ɗin nan naka ne. Ina neman izini in fasa guda takwas."

Na ce, "Baba, ai gidanka ne."

Ya ce, "Gidana ne, amma kai ka aiko aka yi. In na fasa ba ka nan, sai a ce ɗa ya yi wa ubansa abin arziki, uban ya sa guduma. Yanzu ga ka tsaye. In fasa?"

Na ce ya fasa. Mudassiru ya karɓi gudumar. Da aka ɗaga na farko, wani huci ya taso kamar an buɗe tanda. Ƙasar da ke ƙasa ta bushe ta yi fari, in ka damƙa sai ta zube kamar gari. Takina yana nan a dunƙule a jikin itacen, ya ci ɓawon ya bar tabo. Baba ya sa hannu ya kwashe shi tas, ya miƙo mini a tafin hannu, na rasa inda zan sa, na zuba a aljihu.

Ya sa aka mirgino wani baƙin dutse mai faɗi daga bayan ɗaki. Ina ganinsa na gane shi. A kansa aka koya mini alwala. A nan gindin inabin yake tun ina yaro, an kewaye shi da fasassun tukwane da Inna, mahaifiyata, take jerawa don kada rana ta taɓa ƙasar.

Baba ya zauna a kan dutsen ya ce, "Mu nawa ne a gidan nan lokacin mahaifiyarku?"

Mudassiru ya ce, "Tara."

Ya ce, "Mutum tara, buta tara, sau biyar a rana. Ban da ruwan wankin shinkafa da na tsame gero. Shekara ashirin da takwas. Ba wanda ya taɓa ba itacen nan ruwa da niyya, ba wanda ya taɓa yi masa magani. Mu dai muna alwala, shi yana sha. Da aka sa famfo, sai ladan ya zama namu, ruwan ya zama na kwata."

Ya karkata butar. Ruwan ya sauka a ƙasar, ta shanye shi nan take har da wata 'yar ƙara, kamar mai azumi ya samu kofin farko. Ya sa farce ya ɗan kankare ɓawon kututturen. Can ciki akwai kore, siriri, amma kore ne.

Ya ce wa Mudassiru, "Ka ce wa mai walda ya huta. Daga yau duk mai alwala a gidan nan, a nan zai yi. Iya, a nemo mana fasassun tukwane."

Kaka ta ce, "Akwai. Jikana ya fasa da yawa kafin ya zama injiniya."

Ni kuwa ina tsaye, jaka a kafaɗa, taki a aljihu, takardar umarni a hannu. Na ninke ta a hankali na tura inda takin yake. Kunya ta ishe ni, kuma kun san mai jin kunya, in bai samu wurin ɓuya ba sai ya nemi wanda zai ɗora wa laifi.

Na ce, "Amma Baba, tunda ka san haka tun farko, me ya sa ka bar ni ina ta wahala? Na sa taki, na yi feshi, na hau tsani. Ai da ka ce mini in je in duba inda ruwan alwala yake bi."

Ya ɗauraye hannunsa, ya ajiye butar a kan dutsen, bai ko ɗago ba.

Ya ce, "Ai jira nake ka zo yin alwala ka gani da idonka, Malam. Yau kwana ashirin da uku ina jira."